Shagon askin Donya a Bronx: wata takwas muna zuwa, ga abin da na gani

Tun da yarona ya cika shekara biyu aski ya zama yaƙi a gidanmu. Ba wasa nake ba fa, babansa ya danne ƙafafu ni in riƙe hannaye, mai aski yana gumi yaro yana tsala ihu kamar ana yanka shi, mutanen shago kowa ya zubo mana ido, wani ma har ya ciro waya. Akwai ranar da wani mai aski ya ajiye kilifa a tsakiyar aiki yace shi kam ba zai iya ba, haka muka dawo gida da rabin kai, sati biyu yaron nan yana yawo da hula a zafin watan Yuli. Yana da otizim, wanda nake jin 'yan rediyo suna ce wa galahanga duk da ni dai kalmar ba ta min daɗi a baki, kuma ƙarar kilifa a wurinsa kamar a kunna injin markaɗe ne a cikin kunnensa. Daga baya sai na koma bin dare, in bari barcinsa ya yi nauyi in ɗauko almakashi ina tsakura kaɗan-kaɗan kamar ɓarauniya, da safe kan ya fito kamar gonar da awaki suka shiga.

Wata mata 'yar Honduras da muke tsayawa jiran motar makaranta tare ita ta ga kan, ta kwashe da dariya, ta ce nata ma haka ya taɓa zama, ta rubuta min adireshi a bayan rasit. Sunan shagon ba zan faɗa ba don mai wurin ta roƙe ni, tace yaran da take da su yanzu ma sun ishe ta. Abin da zan iya cewa shi ne yana Bronx a birnin New York, daga tashar jirgin ƙasa na layin D in ka sauka tafiyar 'yan mintuna ce. Kowa Donya yake ce mata, wato kamar mu ce Hajiya ko Inna, dattijuwa ce 'yar Jamhuriyar Dominika, daga garin Santiago.

Duk wanda ya san shagon askin 'yan Dominika ya san ba wurin shiru ba ne. Kiɗan bachata har titi, talabijin na nuna wasan besbol, maza na musu da ƙarfi kamar za a doku alhali hira ce kawai. Nata ma haka yake sauran ranakun. Amma ran Lahadi daga takwas na safe zuwa sha ɗaya, kafin ta rufe ta tafi coci, wurin sai ya zama wani abu daban: ba kiɗa, ba talabijin, dogayen fitilun nan masu ƙyalli an kashe, babban madubin an rufe rabinsa da zani, ba a fesa turare ko man gashi mai ƙamshi. Yaro ɗaya ake shigo da shi gaba, sauran suna baya da iyayensu.

Ranar farko ba ta ma taɓa kansa ba. Ta zauna a ƙasa kusa da shi, ta miƙa masa kilifa a kashe ya jujjuya, ta kunna ta ɗora a tafin hannunta, sannan a nawa, shi ke nan tace mu tafi sai wani satin, kuma ta ƙi karɓar ko sisi. Ni har raina ya ɗan sosu, nace mun taso da sassafe a banza. Sati na biyu almakashi ta yi amfani da shi yana tsaye a bakin taga yana kallon motoci, tana binsa duk inda ya matsa, ƙyallen nan da ake ɗaura wa a wuya ma ba ta sa masa ba tunda ya ƙi, tace in riƙa zuwa da rigar canji. Sai a zuwa na biyar ya yarda da kilifa, shi ma a ƙeya kawai. Yanzu yana zama a kujera, ba wai yana so ba, yana toshe kunne ɗaya yana gunaguni, amma ana gamawa cikin minti ashirin babu hawaye. Kuma ta iya gashinmu na baƙar fata, wannan kam ba sai an faɗa ba, 'yan ƙasarsu da yawa irin gashinmu ne da su. Dala 25 take karɓa, tsaba, ba ta karɓar kati.

To amma gaskiya ba askin ne ya sa na zauna rubuta wannan dogon surutun ba. Bencin baya ne, inda mata suke jira.

Mu nan Sipanish muke ce musu gaba ɗaya, kamar yadda su ma suke ce mana Afirikano su huta, kuma ai fiye da rabin mutanen Bronx su ne. Sai da na zauna a bencin nan na gane kowacce da irin nata. 'Yar Puerto Rico 'yar ƙasa ce tun haihuwa, tun 1917 aka ba su damar zama 'yan ƙasar Amurka, ita in makaranta ta yi mata wasa sai ta je ta buga tebur. 'Yar Meziko kuwa da ke zama a lungu, daga ƙauyukan jihar Puebla, takardunta ba su cika ba, shekara guda ta yi tana ɓoye matsalar ɗanta don tsoron kada cika fom ya ja mata a kore ta, alhali yaron a nan aka haife shi, kuma shirin da ake taimaka wa yara 'yan ƙasa da shekara uku ba ya cajin iyaye kuma ba ya hana yaro don takardun uwarsa. Ba wanda ya gaya mata. Ƙarin abin, ita Sifaniyancin ma ba shi ne yaren uwarta ba, Mixteco take yi, makaranta ta kawo mata tafinta mai Sifaniyanci ana ta zuba tana gyaɗa kai. Nan take na tuna maƙwabciyata 'yar Damagaram da aka kawo wa tafintan Faransanci wai ai daga Nijar take, matar da ko aji ɗaya ba ta yi a boko ba.

Kalmar da na fara koya a wurin ita ce malcriado. Ma'anarta yaron da ba a ba tarbiyya ba, sangartacce. Kowace mace a bencin nan an taɓa jifan ɗanta da ita, a bas, a kanti, a coci, mafi zafi kuma a falon surukarta. Kuma kun san zagin ba yaron ake yi wa ba, uwar ake nufi. A wurinsu yaro mai tarbiyya shi ne wanda in ya shigo ɗaki zai bi manya ɗaya bayan ɗaya ya gaishe su, a rungume shi a sumbaci kumatunsa. 'Yan Dominika da 'yan Puerto Rico ma suna da wata al'ada da ta burge ni, yaro in ya ga uwarsa ko kakarsa ko gwaggonsa sai yace bendición, wato a sa masa albarka, ita kuma tace Allah ya yi maka albarka. Kullum fa, ko ƙato ne mai gemu, ko a waya ne. To ki ɗauki yaron da ba ya magana, kuma in an taɓa fuskarsa sai ya ture mutum ya ruga bayan kujera. Wata a cikinsu tace mahaifiyarta ta rasu ba ta taɓa jin jikanta ya nemi albarkarta ba, tana faɗa tana kuka, ni ma da ban gane rabin maganar ba sai da aka fassara min na kama nawa kukan, don na tuna zuwanmu Zariya da aka ce wa yarona ya durƙusa ya gaida kakansa ya wuce shi kamar bai ga mutum ba, da irin kallon da dangin miji suka yi min.

Wani abin kuma da muka yi tarayya, rashin kallon ido. Likita ya tambaye ni yana ɗan wata 18 ko yana kallona cikin ido, nace a raina yaron kirki ai ba ya ƙura wa babba ido, kunya ce da shi. 'Yar Meziko tace ita ma haka ta ɗauka, har tana alfahari da ɗanta mai shiru-shiru ba ya damun kowa.

Sai maganar kaka, abuela suke cewa. Wallahi a nan na ga abu mai kaifi biyu. Yawancinsu da kakar a gida ɗaya suke ko a bene ɗaya, ita ke riƙe yaro uwar ta je aikin shara a ofisoshi ko kula da tsofaffi, ita ke dafa masa farar shinkafar da ita kaɗai yake ci, ba don ita ba da aikin ma bai yiwu ba. Ni da ba ni da kowa a ƙasar nan har kishinsu nake. Amma kakar nan dai ita ce za ta ce babu abin da ke damunsa, ubansa ma sai da ya shekara huɗu ya yi magana, maza dama nauyin baki ne da su, ku daina kai min jika wurin likitan mahaukata. Kuma ba a musu da ita. Haka wata shida za ta wuce, shekara ta wuce, lokacin da ya fi amfani ga yaron yana tafiya. In abin ya ƙi ci sai a koma cewa mal de ojo ne, kambun baka kenan ko mu ce baki ya kama shi, shi ya sa za ki ga jariransu da ɗan baƙin dutse a warwaro, azabache, kamar yadda muke rataya wa namu laya. Da na gaya musu a wurinmu wasu cewa suke shafar aljanu ce ko ɗan ruwa ne, ba wadda ta yi mamaki, sai ma tambaya suke wane irin hayaƙi ake yi.

Donya ta san wannan duka don ta kanta aka fara. Ɗanta namiji yana nan a shagon, saurayi ne ya haura ashirin, shi ke share gashi, kuma in bai share kowane sili ba hankalinsa ba ya kwanciya. Sai da ya shekara shida aka gano abin da ke damunsa. Ta manna wata takarda a bango kusa da kalanda, tace don kakanni ta manna, alƙaluman CDC ne, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, wanda aka fitar a 2023 yace yaro 1 cikin 36 'yan shekara takwas yana da otizim, na 2025 yace 1 cikin 31. A da ana ganin kamar ciwon 'ya'yan Turawa masu kuɗi ne saboda su aka fi ganowa, 'ya'yan Latino kuwa, wato Sipanish ɗin nan, a makare ake gane su ko ma a ƙi ganewa, amma a rahoton 2023 ɗin sai ga adadin 'ya'yan Latino da na baƙar fata ya wuce na farare. Takan nuna wa tsohuwa takardar tace mata duba, ba jikanki kaɗai ba ne, ba kuma wanda ya yi masa baki.

Abin da ya fi taɓa ni a labarinta maganar yare ce. Lokacin da aka gano ɗanta, wata ma'aikaciya tace mata ta daina yi masa Sifaniyanci kwata-kwata wai yare biyu zai rikita shi. Ita kuma da yake an tashe su ba a ja da likita ko malami, duk abin da mai farar riga yace to ne, sai ta bi. Turancinta a lokacin bai fi na sayen burodi ba. Tace shekaru ta yi tana renon ɗanta da guntun Turanci, ba waƙar reno, ba wasa, ba zagin ƙauna irin na uwa, yau ga shi yana magana amma ba ya iya hira da dangin da ke Santiago. Ranar da ta ji ina ce wa nawa sit down da come here sai ta ajiye almakashi ta juyo tace mami, wane yare mahaifiyarki take yi miki? Nace Hausa. Tace to shi za ki yi masa. Na je na tambayi mai koya masa magana a makaranta, ta tabbatar min binciken da ake da shi bai nuna yare biyu na cutar da yara masu otizim ba. Tun ranar na koma zo nan, zauna, sannu, kuma ruwa na cikin kalmomin farko da ya riƙe.

Akwai kuma haƙurin nan nasu, aguantar suke cewa, a jure a haɗiye. Uwa tagari a wurinsu ita ce mai koyi da Nana Maryamu, ta sha wahala ba ta buɗe baki. Za ki ji suna kiran yaran angelito, ɗan mala'ika, suna cewa Allah ya san dalilin da ya ba ni shi, wata kuma tace wannan ne gicciyena. Ni Musulma ce, na san daɗin a ce jarrabawa ce daga Allah, yana sanyaya zuciya ba ƙarya. Amma na lura da wani abu, duk wadda ta fi yawan faɗin haka ita ce wadda ba ta taɓa neman a kawo mata mai taya ta riƙon yaro na 'yan awanni ba, alhali jihar New York tana da wannan tsarin ta hukumar OPWDD mai kula da masu irin wannan lalurar, gani take in ta nema kamar tace ta gaji da ɗanta ne, kuma me mutane za su ce. Qué dirán, shi ma na haddace shi. Wata tana da ciwon baya da hawan jini, barcin awa huɗu take yi, ta daina zuwa bikin kowa saboda bukukuwansu da kiɗa ake yi har tsakar dare yaron ba ya iya ɗauka, dangi kuma suna cewa girman kai ne ya same ta. In an ce mata ta huta sai ta yi murmushi tace lafiyarta ƙalau. Donya ba ta lallashi a nan, cewa take in kin faɗi wa zai riƙe shi, surukar taki?

Ita ce ma ta koya min abin da ya shafi taron IEP, taron da ake tsara wa yaro karatunsa na musamman duk shekara. Tace kar ki yarda a sa ki sa hannu a kan abin da ba ki gane ba, ki ce a ba ki takardar ki je gida da ita, kina da haƙƙin tafinta, kina da haƙƙin zuwa da wani ya raka ki. Sukan raka juna ma, wadda ta fi Turanci ta bi wadda ba ta ji. Wannan a shagon aski fa, ba ofis ba.

Maza kuwa sai a hankali. A wata takwas ɗin nan uba biyu na gani, sai wani tsoho ɗan Ekwado da ba ya fashi da jikansa. Matan suna cewa mazan aiki suke, gaskiya ne wasu ran Lahadi ma suna wurin gini ko kicin ɗin gidan abinci, amma da hira ta yi nisa sai ki ji wata tace mijinta har yau bai taɓa furta kalmar da bakinsa ba, ɗansa namiji ba abin da ke damunsa. Ban ce komai ba don nawa maigidan ma shekara ya yi yana cewa rigima ce kawai irin ta yara.

Yanzu abubuwan da ban ji daɗinsu ba, don kar a ce an biya ni.

Lokaci. In tace ƙarfe tara to ki sa rai da tara da rabi ko goma saura, na san dalili, ba ta katse yaro in ya fara sakin jiki, amma jiran ma ai azaba ne ga irin yaranmu, sau biyu nawa ya birkice tun kafin layi ya zo kanmu muka koma gida. Wurin jiran matsattse ne, banɗaki ɗaya ɗan ƙarami, ga matakala uku a ƙofa babu hanyar keken guragu, akwai wadda sai an taya ta ɗaga na ɗanta. Hira kusan duk da Sifaniyanci ake yi, in 'yar Honduras ɗin nan ba ta zo ba haka zan zauna kamar gunki. Sun sa ni a guruf ɗinsu na WhatsApp, saƙon murya ya fi ɗari a rana, na sa shi a shiru.

Babban abin da ya dame ni wata dattijuwa ce da ke zuwa da jaka tana tallan ganyen shayi da wasu 'yan kwalabe wai suna wanke gubar allurar rigakafi daga jikin yaro. Maganar rigakafin nan an daɗe da gama ta, binciken 1998 da ya tayar da ita mujallar da ta buga shi ta janye shi a 2010, likitan ma an ƙwace lasisinsa a Ingila. Donya ta sani sarai, amma ba za ta iya korar wadda ta girme ta ba, sai dai ta bari ta fita tace kar wadda ta saya. Sau ɗaya kawai na ga ta ɗaga murya, ranar da matar ta kawo zancen wani ruwa da ake ɗiga wa yara wanda asalinsa sinadarin bilic ne, FDA, hukumar abinci da magunguna ta Amurka, ta sha gargaɗi a kansa. Ranar kam har bakin ƙofa ta raka ta. Amma bayan sati uku sai ga ta ta dawo da shayinta, kuma na ga wata sabuwar zuwa ta saya. Wannan a ganina sakaci ne, girmamawa ko ba girmamawa ba.

Batun addini ba ni da ƙorafi. Akwai kyandir da hoton Maryamu a kan kanta, wani lokacin sukan yi addu'a kafin a watse, ba wadda ta taɓa matsa min, kuma tun da nace ba na cin alade suke ware min fanke mai cuku in an kawo abin taɓawa. Kofinsu dai, Bustelo, baƙi ƙirin da sukari kamar za a yi alewa, rabin kofi na sha ran farko na wuni zuciyata na bugawa.

In maki ne zan ba ta huɗu cikin biyar, ɗayan matakala da mai shayi suka cinye shi. Wadda za ta je ta nemi layin farko na ƙarfe takwas, ta zo da tsabar kuɗi, rigar canji, da abin da yaron ya saba riƙewa, kuma kar ta sa rai za a yi askin a ranar farko. Mu layinmu na gaba Lahadin sama ne, babansa yace wannan karon shi zai kai shi, na gaya wa Donya tace in bar mata shi a bencin baya.